Gidan Bincike Da Marar Lafiyar Da Ke Bakin Ƙofa

A garin Fajara da ke bakin teku, 'yan mil kaɗan daga Banjul babban birnin ƙasar Gambiya, akwai wani gidan bincike na likitoci wanda Hukumar Binciken Harkokin Lafiya ta Ingila ta kafa tun cikin 1947, watau shekara 18 kafin ƙasar ta sami mulkin kanta. Mutanen wurin ba su wahalar da bakinsu da dogon suna, MRC kawai suke kiransa. Dalilin kafa shi kuwa shi ne a binciki cututtukan ƙasashe masu zafi da matsalar ƙarancin abinci mai gina jiki, a rubuta abin da aka gano, duniya ta amfana. To, amma duk wanda ya bi ta gaban gidan da sassafe, abin da zai fara gani shi ne mata da goyo, da tsofaffi, da magidanta masu fama da tari, suna jiran a buɗe ɗakin shan magani na bakin ƙofa. Da yawansu ba su cikin wani bincike, ba su ma san abin da ake bincikawa a ciki ba. Ciwo ne ya taso su, labari kuwa ya daɗe da bazuwa cewa a nan akwai likita, akwai awon jini, akwai magani mai kyau.

Malaman jiyya ne ke fara duba su a nan bakin ƙofa. Wanda ciwonsa ke da sauƙi a ba shi magani ya koma gida, wanda ya fi ƙarfinsu a tura shi ciki wurin likita, wanda kuwa abin ya yi wa tsanani a ba shi gado a ɗakin kwanciya mai gadaje kamar arba'in. Da haka gidan da aka gina domin neman sani ya wayi gari yana aikin asibiti. Gambiya ba ita kaɗai ke da irin wannan labari ba. A Dakka ta ƙasar Bangaladash, gidan binciken cutar kwalara da aka kafa cikin 1960 ya zama asibitin da ke karɓar masu amai da gudawa fiye da dubu ɗari kowace shekara. Duk inda aka kafa irin wannan gida a ƙasar da asibitocinta ba su wadatar ba, marasa lafiya za su nemo shi, ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba.

Akwai masu ɗaukar wannan jiyya tamkar sadaka, wadda gidan bincike zai yi in kuɗi sun yi saura, ya bari in aljihu ya yi sanyi. Wannan fahimta kuskure ce, kuma mai hatsari. Jiyyar bashi ce a wuyan gidan, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ɗibi jinin yaran gari, ya auna nauyinsu wata bayan wata, ya ƙidaya masu rai da matattu, ya sami digiri da suna da kuɗin wani sabon bincike a bisa wannan aiki, ba shi da bakin cewa shi mai bincike ne kurum a ranar da aka kawo masa yaro yana suma. Sai dai biyan bashin yana da wuyar sha'ani fiye da yadda ake zato, in kuwa aka biya shi ta gurguwar hanya yakan haifar da wata ɓarnar.

Labarin ƙauyen Keneba ya isa hujja ga mai shakka. Keneba tana cikin yankin Kiyan ta Yamma, ƙasar Mandingo, can nesa da babbar hanya. Cikin 1949 wani likita mutumin Sikotilan mai suna Ian McGregor ya sauka Gambiya, daga 1950 kuma ya fara bin mutanen Keneba da maƙwabtanta Manduwar da Kanton Kunda, yana duba su shekara-shekara, wasu masu ilmin rubutu a ƙauyukan suna rubuta masa kowace haihuwa da kowace mutuwa. Aikin ya yi albarka ta fuskar ilmi, ba mai musun haka. Cikin 1961 McGregor da abokin aikinsa Sydney Cohen suka nuna cewa idan aka tace wani sashe na jinin manyan Gambiyawa da suka saba da zazzaɓin cizon sauro, aka sa wa yaro mai zazzaɓin, ƙwayoyin cutar suna raguwa a jikinsa. Wannan ya tabbatar wa duniya cewa jikin ɗan Adam yana iya yin garkuwa daga cutar, a kansa kuma aka dasa begen samun allurar rigakafinta.

Amma fa littattafan nan na haihuwa da mutuwa sun riƙe wani labarin dabam. Cikin shekara 25 na farko, kusan yara huɗu cikin kowane goma da aka haifa a ƙauyukan ba su kai shekara biyar a duniya ba. Ana zuwa, ana awo, ana rubutawa, ana bugawa a mujallun Landan, yara kuwa suna ta mutuwa kamar yadda suke yi tun kafin zuwan Bature. Maganin da ake samu galibi bai wuce na lokacin da masu bincike ke gari ba, zazzaɓi kuwa ba ya jiran ranar zuwan likita. Cikin 1974 masu binciken abinci na sashen Dunn da ke Kambirij suka tare a Keneba, aka buɗe ɗakin shan magani na dindindin, da likita mazaunin gari da unguwarzoma, ana duba yara da masu juna biyu dare da rana. Cikin shekara goma mutuwar yara ta faɗi ƙasa warwas, kamar yadda rahoton da aka buga cikin 1984 ya nuna, daga baya ma ta koma ƙasa da yaro ɗaya cikin goma. Gaskiya ne sauran sassan Gambiya ma sun sami sauƙi bayan an fara allurar rigakafi ta ƙasa baki ɗaya, amma na Keneba ya riga, ya kuma fi yawa. Ba wani sabon magani aka gano a shekarar 1974 ba. Abin da aka riga aka sani ne aka kawo shi kusa da mutane, aka zaunar da mai ba da shi.

Wannan ba zagi ne ga McGregor ba, mutumin da ya ba da mafi yawan ƙarfinsa ga ƙasar da ba tasa ba, a zamanin da ko hanyar mota sai da kyar. Abin lura shi ne ilmin da aka tara a kan mutane ba ya sauka gare su da kansa, sai an yi niyya an kashe kuɗi. Kuma ko ɗakin shan magani yana da iyakarsa. Wani nazari da aka buga cikin 2017 a kan yaran ƙauyukan nan ya nuna cewa tsumburewa tsakanin 'yan shekara biyu ta ragu daga kashi 57 cikin 100 zuwa kashi 30, ta kuma tsaya nan duk da shekara kusan arba'in na kulawa. Likita na iya hana yaro mutuwa, amma ba ya iya maye gurbin ruwa mai tsabta da gida mai kyau da tukunyar da ke cika.

Masu riƙe da jakar kuɗin bincike suna da tasu hujjar, kuma adalci ne a saurare ta. Cewa suke yi su ba ma'aikatar lafiya ba ne, kuma kowane fam da aka kashe a kan gadon majiyyaci ɗaya an rage shi ne daga aikin da zai ceci miliyoyi. In suka kawo misalansu daga Gambiya, mai saurare sai ya jinjina. A can ne aka fara babban aikin rigakafin ciwon hanta cikin 1986. A can ne, a zamanin shugabancin Brian Greenwood, wanda ya shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana fama da sanƙarau kafin ya koma Fajara cikin 1980, aka nuna cikin 1991 cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara, abin da ya sa a yau ake raba shi a kowane lungu na Afirka. A can ne aka gwada allurar rigakafin wata ƙwayar cuta mai sa sanƙarau da ciwon huhu, gwamnati ta karɓe ta cikin 1997, cikin 'yan shekaru irin wannan sanƙarau ya kusa ɓacewa daga ƙasar, kamar yadda aikin Richard Adegbola, masani ɗan Nijeriya, da abokansa ya tabbatar. A gabashin ƙasar kuma, wajen Basse da Bansan, aka gwada wata allurar ciwon huhu a kan yara fiye da 17,000, sakamakon da ya fito cikin 2005 ya nuna raguwar mutuwa da kashi 16 cikin 100. Ba asibitin da zai iya ceton adadin rayukan da waɗannan ayyuka suka ceta.

Duk da haka hujjar tana da ɓaraka. Wa ya ba da yaran nan 17,000? Iyaye ne, matalauta, manoman gyaɗa da gero. Me ya sa suka bayar? Nan ne maganar ta yi nauyi. Wasu masana halayyar jama'a biyu, Melissa Leach da James Fairhead, da abokan aikinsu, sun zauna da iyayen yaran a lokacin gwajin, abin da suka wallafa cikin 2006 kuwa ya kamata kowane mai bincike ya karanta shi. Iyaye da dama ba su ɗauki abin a kan gwajin wata allura ba. A wurinsu shiga MRC ne, kamar yadda mutum ke shiga ƙungiya: yaro ya sami kati, in ya yi ciwo a duba shi a ba shi magani kyauta. A ɗaya ɓangaren kuma akwai fargabar jinin da ake ɗiba, har ana raɗe-raɗin cewa sayar da shi ake yi a Turai. Uwa sai ta ɗora biyun a sikeli, magani kyauta a nan, jinin ɗanta a can, ta ga wanda ya rinjaya. Watau jiyyar nan da masu kuɗi ke kira abin gefe, ita ce ainihin abin da ya kawo mutane. Ba don ita ba da gwajin bai sami yaran da zai yi aiki da su ba.

To, a nan ne hatsarin yake. Ƙa'idar bincike ta duniya ta ce ba a sa mutum cikin gwaji sai da yardarsa, bayan an yi masa bayani ya fahimta, yana kuma da ikon ƙi ba tare da ya yi asarar kome ba. A takarda abin yana da kyau. Amma uwar da ɗanta ke numfashi sama-sama, asibitin gwamnati babu magani, kantin magani kuma sai da kuɗin da ba ta da su, in aka miƙo mata takarda aka ce ta dangwala yatsa, wace irin yarda ce wannan? Wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Bugu da ƙari, mutumin da ke sanye da farar riga yana duba ɗanta shi ne kuma mai neman yara domin bincikensa, ita kuwa ba ta da hanyar rabe lokacin da yake magana da bakin likita da lokacin da yake magana da bakin mai bincike. Sau da yawa shi kansa ma abin yakan rikice masa, ko da zuciyarsa fara ce.

Gidan Fajara ya yi ƙoƙari a wannan fanni. Akwai kwamitin haɗin gwiwa tsakaninsa da gwamnatin Gambiya mai tantance kowane bincike kafin a fara. Akan je wurin alkalo, watau mai gari, da goro, a tara jama'a a yi bayani kafin a shiga gida-gida. Da yake yawancin masu jin Mandinkanci da Wolof da Fulatanci ba su saba karanta harsunansu a boko ba, wani likita ɗan Nijeriya mai suna Muhammed Afolabi ya jagoranci shirya bayanin neman yarda cikin murya da hoto, aka ga mutane sun fi fahimta. Duk wannan abin yabo ne. Amma bayani, kome kyansa, ba ya cire uwa daga cikin ruwa. Abin da ke cire ta shi ne ta tabbata cewa ko ta ce a'a, za a duba ɗanta a ɗaki ɗaya, da likita ɗaya, da magani ɗaya da ɗan wadda ta ce i. Shi ya sa ɗakin shan magani na bakin ƙofa, wanda ke karɓar kowa ba tare da tambayar ko yana cikin bincike ba, yake da daraja fiye da kima. Ranar da aka rufe shi aka bar jiyya ga masu kati kaɗai, jiyyar ta zama tarko ke nan, dangwalen da aka tara kuwa ba ya nuna yardar kowa.

Abin mamaki, manyan takardun ƙa'ida ba su ba wannan mutum na bakin ƙofa muhimmanci sosai ba. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar cikin 1964 ta kuma yi ta gyara ta har zuwa 2024, ta yi magana a kan haƙƙin wanda aka yi gwaji da shi, har da abin da ya kamata ya samu bayan an gama. Ƙa'idojin da aka sabunta a Janiba cikin 2016 sun ƙara da cewa wajibi ne mai bincike ya yi tanadi domin sauran larurorin lafiyar mutanen da ya ɗauka. Amma galibin maganar a kan wanda ya shiga ne. Maƙwabcinsa da bai shiga ba, ko wanda aka auna aka ce bai dace da gwajin ba, an bar shi ga tausayin shugaban gida da ragowar kasafi.

Mutanen Nijeriya ba su bukatar a je da su Gambiya kafin su san abin da ke faruwa idan bincike da jiyya suka cakuɗe ba tare da amana ba. Cikin 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, ya gwada sabon maganinsa Trovan, yara 200 ne cikin gwajin, rabi suka sami sabon maganin, rabi suka sami wani sananne. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da naƙasa. Masu gwajin sun yi kamar mako biyu suka kama hanya, annoba kuwa na ci. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, ba a kuma sanar da su cewa a cikin asibitin nan ɗaya ƙungiyar Likitocin Sa Kai ta Faransa tana ba da maganin da aka saba da shi kyauta ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce an nemi yarda da baki, cutar ce kuma ta yi kisan. Cikin 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Amma tun kafin nan an riga an biya wani farashi mafi tsada, domin sa'ad da aka dakatar da allurar shan inna a Kano cikin 2003, labarin Trovan na cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su, cutar kuwa ta tsallaka iyaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Duk mai lissafin cewa kuɗin jiyya asara ce ga bincike, ya sa wannan a cikin lissafinsa.

Akwai kuma tambayar abin da ke saura bayan an naɗe tabarma. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da shahararren aikin zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda a yau ke cikin Jihar Jigawa. An yi feshi a gidaje, an raba magani, cutar ta ragu, mutuwar jarirai ta ragu. Da aka daina, zazzaɓi ya koma inda yake. Har gobe masana na amfani da alƙaluman Garki a jami'o'in duniya, mutanen Garki kuwa damina ta ci gaba da zo musu da abin da ta saba. Kuɗin bincike haka suke, na wa'adi ne, shekara uku ko biyar, kuma a wata ƙasa ake yanke shawararsu. Cikin 2021 Ingila ta rage kuɗin taimakon ƙasashen waje, ayyukan bincike da dama suka sami kansu da guntun kasafi a tsakiyar tafiya. A farkon 2025 Amurka ta dakatar da kuɗin hukumarta ta raya ƙasashe dare ɗaya, har wasu gwaje-gwaje suka tsaya alhali mutane na tsakiyar shan magani. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya saba karɓar maganinsa a gidan bincike, ciwonsa ba ya ƙarewa da ƙarewar wa'adin kuɗi.

A nan dole a juya ga gwamnatocin ƙasashen da abin ya shafa, domin laifi mafi girma nasu ne. Dogon layin bakin ƙofar gidan bincike shaida ce a kan asibitin gwamnati da ke kusa. Cikin 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya, gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ma ba ta taɓa kai wa ga wannan adadi ba. Inda gidan bincike ke da kyau, yakan zama uzuri ga ma'aikatar lafiya, ta karkatar da hankalinta wani wuri tana cewa ai waɗannan suna da masu duba su. Sa'an nan gidan binciken, da yake albashinsa ya fi tsoka kuma yana zuwa a kan kari, yakan janye ƙwararrun malaman jiyya da masu awon jini daga asibitin gwamnati, ya bar shi da rauni fiye da yadda ya same shi, layin bakin ƙofa ya ƙara tsawo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma wasu ma'aikatun sun jefar da guntun nasu tun da suka ga na maƙwabci.

Shin akwai wata hanyar? A Kilifi da ke gaɓar tekun Kenya an bi wani tsari dabam. Da aka fara aikin haɗin gwiwa cikin 1989 tsakanin hukumar binciken lafiya ta Kenya da asusun Wellcome da Jami'ar Okisfod, ba a gina wani asibiti na musamman a bayan katanga ba. Cikin asibitin gwamnati na gundumar aka shiga, likitocin bincike suna aiki a ɗakin yara tare da na gwamnati, duk yaron da aka kwantar yana amfana da awo da kulawa ko yana cikin gwaji ko ba ya ciki. Daga irin wannan zama a gefen gado ne aka taso da tambayar da ta girgiza likitoci cikin 2011. An daɗe ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar a yi maza a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya. Da aka gwada a kan yara fiye da 3,000 a Kenya da Uganda da Tanzaniya, sai aka tarar waɗanda aka yi wa hakan sun fi mutuwa, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Wanda ke zaune a ofis ba zai yi wannan tambaya ba, sai wanda ke kwana da marasa lafiya. Ashe ɗakin jiyya ma uwar bincike ne.

A ƙasar nan ma akwai abin koyi. Asibitin Koyarwa na Iruwa a Jihar Edo ya kafa cibiyar zazzaɓin Lasa cikin 2007, shekara guda bayan haka aka buɗe ɗakin awon cutar da taimakon wata cibiya ta Hambog a Jamus. Asibitin na gwamnatin tarayya ne, ma'aikatan 'yan ƙasa ne, baƙi abokan aiki ne. In baƙin suka tafi gobe za a ji jiki, amma ginin da gadajen da likitocin suna nan. Tsarin shiga asibitin gwamnati yana da nasa ciwon kai, kamar yajin aiki da ɗaukewar wuta da ƙorafin ma'aikata biyu masu aiki ɗaya da albashi dabam, kuma ba a ce Fajara ta rushe abin da ta gina cikin shekara fiye da saba'in ba. Amma ga sabon gidan da za a kafa yanzu, ya fi dacewa a sa ƙarfin inda zai zauna bayan tafiyar masu shi.

Nijeriya tana da Kwamitin Ƙasa na Ƙa'idojin Binciken Lafiya, wanda ya fitar da kundinsa cikin 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba shi gindin zama. Ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 da cututtuka iri-iri, masu neman wurin gwaji za su ci gaba da zuwa, kuma ya kamata su zo, domin maganin da ba a gwada a jikin mutanen nan ba, ba a san yadda zai yi musu ba. Abin da ya rage shi ne kwamitin da rassansa na asibitocin koyarwa su daina tsayawa ga duba takardar dangwale kaɗai. A nemi ganin kuɗin jiyya a rubuce cikin kasafin aikin, a layinsa na kansa, yadda ba za a zaftare shi ba in abubuwa suka yi wuya. A nemi yarjejeniya a rubuce da ma'aikatar lafiya ta jiha a kan wanda zai karɓi majiyyata ranar da aikin ya ƙare, da yawan ma'aikatan gwamnati da za a ɗauka, da yadda za a cike gurbinsu. Kafin a sa hannu kuma, a zaunar da shugaban binciken, ko daga Landan ya zo ko daga Badun, ya bayyana wa kwamiti dalla-dalla abin da zai faru da yaron da aka kawo da zazzaɓi ƙarfe biyun dare, uwarsa kuma ta ce ba ta yarda a sa shi cikin gwaji ba: a wane ɗaki za a kwantar da shi, wa zai duba shi, wa kuma zai biya kuɗin maganin.